Amana a Gwangwanin Madara

A shekarar da aikin hajji ya faɗo tsakiyar bazara, yayan maiɗakina ya samu kujerar Makka. Surukin nan nawa malamin gona ne a Kalgo, mutum mai tsari, wanda ko goro zai ba ka sai ya juya shi ya raba daidai. Ana saura kwana uku su tashi ya iso gidanmu a Gwandu bisa babur, yana tafiya sannu kamar mai dakon ƙwai. Ya kwance wani kwali ya ciro gwangwanin madara cike da rairayi. A tsakiya akwai ɗan tsiro dunƙulalle, bai fi gauta girma ba, ba ganye ba reshe, sai farar ƙaya ta rufe shi ruf. Ya faɗi sunansa da bakin Turawa, ban riƙe ba. A gidanmu ɗan bushiya muka riƙa ce masa.

Ya ce shekara huɗu yana renonsa, kuma 'yan kurajen nan uku da ke kansa fure ne ke shirin fitowa, karo na farko. Ba zai bar shi a gidansa ba saboda awaki. Ya yi tunani, in ji shi, duk dangi ba wanda aka sani da riƙon amana kamata. Gaskiya ne mutane kan kawo mini ajiyar takardar gona ko wasiyya, kuma ban taɓa salwantar da ko ɗaya ba. Na ji daɗin maganar har cikin raina, Allah ya yafe mini.

Sharaɗin ba shi da yawa: ya sha ranar safe, a ba shi ruwa cokali biyu, Juma'a ɗaya a tsallake ɗaya. Na rubuta da ajami na liƙa da ƙaro a jikin gwangwanin. Na kife wani tsohon turmi a tsakar gida kusa da gindin lalle, na ɗora shi a kai.

Nan na yi kuskure. A gidanmu tun zamanin mahaifina ba a yin alwala bisa ƙasa tsirara. Ana neman gindin wani abu mai rai, lalle ko zogale, don ruwan ya yi aiki biyu: kai ka tsarkaka, itace ya sha, ka samu lada ta nan da ta can. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, ta fi shekara hamsin a kan wannan ɗabi'a.

Bayan kwana goma na ga ɗan bushiya ya fara zama ruwan ɗorawa daga ƙasa. Na sa yatsa cikin rairayin na ji shi jagab, alhali cokali biyu kawai na taɓa zubawa. Sai na zuba ido. Da azahar sai ga Inna ta fito da butarta, ta jawo kujera ta zauna gaban turmin, ta wanke hannu da fuska bisa kan amanar mutane, ta ƙarasa ta tuttule masa ragowar butar tana yi masa sannu. Wato sau biyar a yini, kwana goma.

Na durƙusa na yi mata bayani, na karanta mata takardar. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana. Ta ce, “Kai wanga, mi ya yi maka, abin ga? Rana na gasa mutum, ka aza ɗan baƙo bisa turmi ka hana mai ruwa, kuma kana karatu?”

Na ce mai shi ne ya ce haka. Ta ce mai shi yana can yana shan zamzam.

Mutum ba ya hana mahaifiyarsa, sai dai ya yi dabara. Na ɗauke gwangwanin na ɗora shi kan katanga, inda hannunta ba zai kai ba. Washegari na dawo daga masallaci na tarar ta ɗaura ludayi a kan sandarta, tana miƙa masa ruwa daga ƙasa, rabi na zuba a gwangwani rabi a mayafinta. Na kai shi ɗakina cikin littattafai, sai na tuna sharaɗin rana. Haka na koma fitowa da shi kowace safiya ina zaune gadi a ƙofar zaure, masu wucewa na tambaya ko na fara sayar da magani ne.

Duk da haka gindinsa ya yi laushi, in ka taɓa sai ya lotsa kamar ruɓaɓɓen tumatir. Kurajen biyu suka zube. Ranar kasuwar Kalgo na shiga a-kori-kura da gwangwanin bisa cinya, na je wurin wani dattijo da ya daɗe yana aiki da surukina a lambun renon itatuwa. Ya duba, ya shinshina, ya tambaye ni ko a kogi na ajiye shi. Ya ce a ƙasar da irin tsiron nan ya fito sai a shekara ba a yi ruwa ba, cikinsa randa ce. Maganin ɗaya ne: in yanke ruɓaɓɓen da wuƙa mai tsabta, in bar sauran a inuwa mako guda ba ƙasa ba ruwa, sa'an nan in ɗora shi bisa busasshen rairayi, in huda gindin gwangwanin.

Na dawo na ɗauko wuƙar da nake fiƙe alƙalami, na yi bisimilla na yanke. Ƙaya ta cika mini yatsu. Ɗan bushiya ya koma rabin tsawonsa, yana kwance bisa faifai. Inna ta zo ta tsaya a kansa ta yi salati, ta ce ashe bayan ƙishirwa har da yanka. Na ga ta juya wajen randa, na san in ba Allah ya kawo mini magana ba, aikin ya ɓaci.

Na ce, “Inna, ki ɗauka azumi yake yi. Haka Allah ya halicce shi, in an ba shi ruwa kafin lokaci an karya masa.”

Ta tsaya da moɗa a hannu. Ta daɗe tana dubana, kuma na tabbata ta gane wayo ne, don ita ta haife ni. Ta ce, “To yaushe shi ka shan ruwa?”

Na ce Juma'a, a tsallake ɗaya. Ta mayar da ruwan randa, ta ce Allah ya karɓa masa, amma buɗa-bakin ita za ta riƙa ba shi.

Daga ranar ban ƙara gadi ba. Ta mai da gwangwanin ƙofar ɗakinta, ta keɓe masa cokali. Duk baƙuwar da ta doso wurin da buta sai ta ji an ce ta matsa can, a nan ana ibada. Maiɗakina ta taɓa yayyafin shara kusa da shi, ta sha faɗa har la'asar.

Da alhazai suka dawo, bayan an gama taron barka da sauka, surukina ya zo karɓar kayansa. Na gaya masa komai, sai dai na ce sakacina ne ruwa ya yi masa yawa. Ya ɗauki gwangwanin ya auna tsiron da gaɓar yatsa, ya ƙirga kurajen ya ga ɗaya. Fuskarsa ta canja. Ya ce, “Malam, har da rubutu fa ka yi. Wa ya shayar da shi haka?”

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, “Ni ce, Alhaji.”

Ya cire takalma ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce madalla, Allah ya saka da alheri, an gode ƙwarai. Gumi na zuba daga ƙasan sabuwar hularsa.

Saiwa ba ta kama ba tukuna, don haka bai yarda ya ɗora shi a babur ba, ya bar mana. Bayan mako biyu ƙurjin nan ɗaya ya buɗe da hantsi, fure ja mai haske, ya kusa fin uwarsa faɗi. Inna ta aika Kalgo, ya zo ya same shi a buɗe, ya zauna ƙasa yana kallo har aka kira azahar.

Da saiwa ta kama ya ɗauke abinsa. Da shekara ta zagayo aka tura shi kwas na wata biyu. Ya sake zuwa da kwalinsa, muka gaisa a zaure, na miƙa hannu zan karɓa. Ya ce a yi masa iso wurin Inna.