Jan Layin da Ya Nuna Hanyata

Har yau in na ji taku a bayana sai na waiwaya.

Yayata ce ta kai ni Guangzhou in riƙa taya ta zaɓen dogayen riguna a kasuwar Baima. A unguwar Sanyuanli muka sauka. Daga taksi sai shago, daga shago sai gado, har ƙafafuna suka fara kumbura kamar na tsohuwa.

A lokacin ne wani ɗan garinmu mai haɗa wa mutane kwantena ya tashi da wa'azin motsa jiki. Mutum ne mai tumbi, bene ɗaya ba ya hawa sai da haki, amma don 'yan China suna ce masa laoban, wato maigida, shi ke nan ya zama likitan Hausawa. Ya buɗe zaure a waya, ya sa kowa ya sauke wata manhaja. In ka yi tafiya sai ta zana hanyarka da jan layi a taswira, ta tura wa 'yan zaure.

"Ƙanwata, iyayenmu a ƙafa suke zuwa gona," in ji shi. "Mu kuwa mun koma buhunan gero."

Ni dai abin ya yi min. Gari na wayewa nake fita, in bi ta ƙarƙashin gada, in zaga ta wajen mai lemo, in dawo. Kumburin ya soma sauka.

Da farko duk mun san juna a zauren. To amma wa zai ce a'a? Wannan Alhaji ya ce a sa abokin cinikinsa, wancan na Maraɗi ya ce a sa maƙwabcinsa. Kunya ta hana likitanmu tambayar ko su wane ne.

Wata safiya a ƙarƙashin gadar wani ya fito gabana da sallama. Ban taɓa ganinsa ba.

"Yau kin makara," ya ce. "Jiya ai ta wajen mai lemo kika fara."

Ya faɗi ginin da muke. Da na juya, sai ya riƙe gefen hijabina. Na fizge, na faɗa shagon wata tsohuwa 'yar China. Kallo ɗaya ta yi min, da mutumin ya leƙo ta ɗaga masa tsintsiya tana ihu har ya tafi.

Yaya ta kira likitanmu ta ce ya cire mutumin daga zauren, ina jin sa.

"Haba Hajiya, ɗan mutunci ne fa. Wataƙila ma aure yake so. In na cire shi, da wane ido zan kalli Alhajin da ya kawo shi?"

"Da idon da kake kallon kwanon tuwo," in ji Yaya.

Bai cire shi ba. Ranar Juma'a ma ya sanar da gwarzon mako, wanda ya fi kowa tafiya. Mutumin gadar ne. Na buɗe taswirarsa, na ga jan layinsa kwance daidai kan nawa, gada, mai lemo, ƙofar gidanmu, ya je ya dawo, ya sake zagawa. Manyan mutane da gemu suka yi ta tura masa tafi.

A ranar na goge manhajar, Yaya ta sauya mana masauki. Ban sake fita ni kaɗai ba. Tsakanin gado da ƙofa nake kai-komo, ƙofar a kulle, ƙafafuna kuma sun koma yadda suke.