Gatarin amalanke

Shekara shida na yi ina walda a Abijan kafin in dawo Tawa, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. In na haɗa ƙarfe biyu sai ka laluba kafin ka gano inda suka haɗu. Da wannan taƙamar na shiga atiliyen Alhaji, Allah ya jiƙansa, inda ake ƙera amalanken jaki. Ya ɗauke ni aiki ranar da na zo, ya laƙaba mini suna ɗan Abijan, ya sakar mini komai sai abu guda: gatari, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin biyu. Shi kaɗai ke nuna inda za a ɗora shi. A wannan sana'a kuwa, wanda bai ɗora gatari ba yaron gida ne, ko da furfura a kansa. Ni kuma ga mata ga 'ya'ya biyu, ina son a ce mini gwani.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba ya awo da mita. In manomi ya zo daga Barmu ko Afala, sai Alhaji ya shimfiɗa masa tabarma ya hau tambaya. Jakinka babba ne ko ƙarami? Ruwa za ka ɗauko ko dutse? Hanyar gonarka tana gangara kwari? Sannan ranar ɗora gatari sai ya sa a tura amalanken cikin gidansa, wanda ke manne da atiliye, a ja ƙofa. Bayan kamar rabin awa ya fito yana zufa, ya zana alli a jikin ƙarfe ya ce, "Nan." Sauran ma'aikata sun ce addu'a yake yi. Ni ban yarda ba, don addu'a ba ta sa mutum haki.

Wata rana babbar 'yarsa ta shiga naƙuda mai wuya. Alhaji mutum ne da in ɗansa ya yi tari zai ajiye guduma, balle wannan. Kwana uku yana zaune a bakin asibiti, shi ke kai abinci da kansa. Ga wani mutumin Kalfu ya zo karɓar amalankensa, ya ƙi tafiya. Na ce a raina, yau dai a yi ta ta ƙare. Na ɗauko mita, na auna, na ɗora gatari na liƙe shi tsaf. Da Alhaji ya dawo da albishirin jika, na gaya masa, ina jiran faɗa ko yabo. Ya dube ni kawai ya ce, "To." Wallahi gara ya zage ni.

Bayan wata guda ya ce in tayar da moto mu tafi Kalfu. Da muka isa, mai amalanken ya hau yabon aiki, ni kuma kaina ya fara kumbura. Alhaji ko kallon amalanken bai yi ba. Ya wuce turke, ya ɗaga tsumman da ke bayan jakin. Gyambo ne ja wur, faɗin tafin hannu, ƙudaje sun yanyame shi.

"Ɗan Abijan, zo ka ga aikinka," in ji shi. "Ka ja gatari baya da yatsa huɗu. Duk nauyin da taya za ta ɗauka, ga wanda ya ɗauka."

Zuciya ta ciwo ni, don ni ba na iya haɗiye magana. Na ce, "To Alhaji, laifin wa? Kai ka ɓoye abin. Me kake yi a cikin gida da ba ka son mu gani?"

Ya yi dariya ya ce, "Shekara biyu kana leƙen ƙofata, ba ka taɓa tambaya ba. Gobe ka shigo."

Na shiga. Gatarin an ɗaure shi da waya ne kawai, ba a liƙe ba. Aka loda buhunan yashi, 'ya'yansa ƙanana da jikoki suka ɗare sama suna ihun murna, ashe wasansu ne na kullum. Sai ga Alhaji, mutumin da ake durƙusa wa a kasuwa, ya tuɓe babbar riga ya shiga tsakanin sandunan amalanken biyu, inda ake ɗaure jaki, ya rataya igiya a kafaɗa, ya duƙa daidai tsayin jakin mai saye, ya ja. Ya zagaya tsakar gida, ya tsaya, aka matsa gatari kaɗan, ya sake ja. Hajiya matarsa tana tankaɗe a gefe tana tsokanarsa, wai yau jakinta bai ci dusa ba. Na tsaya baki buɗe. Ya ce, "Jaki ba shi da bakin da zai ce ya yi nauyi. Shigo ka ji."

Na ƙi. Ni, in zama jaki a gaban mata da yara? Bai matsa ba. Ya ci gaba da zana allinsa, ni na ci gaba da walda ina cika ina batsewa. Amma abin ya tsaya mini a rai, ina son in san mene ne kafaɗa ke ji wanda mita ba ta ji. Sai na fara gwadawa a ɓoye bayan atiliye, lokacin da kowa ya tafi cin abincin rana. Da farko ciwo kawai nake ji. A hankali na fara rarrabe nauyin da ke danna mutum ƙasa da wanda ke ɗaga shi sama, har na kai in an matsa yatsa ɗaya ina sani. Ban gaya wa kowa ba, girman kai ya hana.

Har yau ban san inda shi ya koyo wannan ba. Na tambayi Hajiya bayan rasuwarsa, ta ce haka ta same shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, aiki ya tsaya, amalanke uku suna jiran gatari. Babban ɗansa, wanda malamin makaranta ne, ya rasa yadda zai yi. Muka shiga duba Alhaji tare. Ya rame ƙwarai, magana da ƙyar. Ɗan ya tambaye shi wa zai ɗora. Alhaji ya yafito ni, na durƙusa a bakin gado. Ya sa hannu ya janye wuyan rigata, ya shafa inda igiya ta sa fata ta yi kanta, ta bar baƙin tabo. Ya daɗe yana shafawa.

"Ku ba shi allin," ya ce da ɗansa.

Na fita na zauna a zaure na yi kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba. Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinsa.