Hannun da Baba Sammani Ya Hana Saukewa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 23 ga Afrilu, 1986, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Baba Sammani mahauci, tsohon ɗan damben Kura, wanda ya fara ɗaura mini zare a hannu.

Baba, lokacin da na zo wurinka kowa ya gaji da ni. Bakina ya fi hannuna sauri, hannun kuma ba ya jiran dalili. Na zaci duka za ka koya mini. Ina! Sai ka jira na wuni ina dakon kwandunan tumatir a Kadawa, sannan ka sa ni cikin kanal, ruwa har ƙugu yana ture ni, ka ce in ɗaga hannun garkuwa kada in sauke. Kafaɗa ta yi ta wuta, ina zaginka a zuci, wani lokaci ma a fili. Kai kuwa kana zaune a bakin ruwa kana cin goro.

"Iliyasu, jiki maƙaryaci ne," ka ce. "In ya ce ya gaji, sake tambayarsa. Kuma ka lura, gajiyayye ne ke fara fushi. Mai fushi kuwa ya faɗi tun ba a taɓa shi ba."

Kaka guda ka hana ni shiga fage. Na yi ta haushi, amma kullum akwai tsire da ka ajiye mini a gefen tukuba.

Ni na nemi a bar mini haƙar kabarinka. Ƙasar bazara kamar dutse, tafin hannuna ya sale, numfashi yana neman ƙwacewa. A nan wani mai babbar riga, wanda bai taɓa ɗaukar ko buhun taki ba, ya ce a kaina: "Allah dai Ya yafe masa, ya ƙarar da rayuwa a wasan banza."

Wallahi, Baba, na ga inda zan sa masa hannu. Ƙasan haɓarsa a buɗe yake. Da na fito daga ramin nan, da mutanen Kura sun ce ga abin da Sammani ya raina, da maganar mutumin ta tabbata a bakin kabarinka. Na tambayi jikina, na sake tambayarsa. Sai na ɗaga diga na ci gaba da haƙa, har liman ya ce ya isa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka. Iyalanka, Inna Kubra, Lukmanu da Adama, da mahautan Kura da Bunkure, Allah Ya ba mu haƙuri. Mai babbar rigar nan ma, Allah Ya shirye shi. Ka ji, Baba? Har addu'a na yi masa.

Iliyasu, ɗanka na fage