Rangwame da Karnukan Injiniya

Mijin yayata bai taɓa yanka wa kowa farashi ba face ya biyo shi da ragi. Shi ya sa a layinsu babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Rangwame ake ce masa, yara su ce Baba Rangwame, shi kuwa ya amsa ko a jikinsa. Ƙuruciyarsa kaf a gaban sikeli ya ƙarar da ita, a wani kamfani mai sayen tsofaffin ƙarafa da gwangwanaye. A can aka koya masa cewa ba a biyan kaya sai an cire nauyin buhu, ya kuwa riƙe wannan karatu hannu bibbiyu. Kamfanin ya daɗe da rufewa, sikelin ma na tabbata an sayar da shi a cikin tsofaffin ƙarafan, amma Rangwame yana nan yana cire nauyin buhu. Bambancin kawai yanzu a jikinsa yake cirewa.

Jiran gida da kula da karnuka ba sana'ar da ya zaɓa ba ce. Wani mai gida ne a unguwar manya, tsallaken babban titi, tafiya ta kama shi, ya rasa wanda zai kwana masa a gida saboda wani kare da ya riga ya yaga wa masu gadi wanduna. Aka ce a gwada Rangwame, tun da zaman banza yake. Da mutumin ya dawo sai ya tarar da karen kwance ya ɗora haɓa a kan takalmin Rangwame, shi kuma yana cire masa kaska a bayan kunne yana yi masa nasiha. Daga nan labari ya bazu. Duk mai tafiya a unguwar sai ya miƙa masa makullai.

Aikin ba ƙarami ba ne, ko da yake in ka ji yana faɗa sai ka ce hutu yake zuwa. Ya kunna injin ruwa ya cika tanki, ya ba fulawoyi ruwa, ya kunna fitilu da yamma, yau na wannan ɗaki gobe na wancan, don mai leƙe ya zaci da mutane a ciki. Ga dafa abincin karnuka, ga fita da su, ga wanka, ga kwashe abin da suka ajiye a tsakar gida, wanda shi kaɗai ya isa a biya mutum. In ya dawo gida kuma sai ya tarar Yaya ta ajiye masa bokiti da sabulu a bakin ƙofa.

"Malam, sai ka bar warin abokanka a waje tukuna," in ji ta.

Wajen biya ake yin ta. In masu gida suka ce, "Baba, nawa za a ba ka?" sai ya faɗi wani abu daidai wa daida, sannan ya ɗaga kai yana kallon silin. Wanda ya san shi ya san an hau sikeli ke nan.

"Sai dai fa a kan katifarku na kwana, a cire. Na kunna fanka, a cire. Shayin nan na kicin ma na taɓa shi. Ranar Talata kuma ruwan sama aka yi, ban ba fulawa ruwa ba, Allah ne ya ba su."

Akwai wata mata da ya mayar wa wani abu saboda, in ji shi, karenta yana da hankali, bai wahalar da shi ba. Ranar Yaya ta kusa ɗora hannu a ka.

"To ai sai ka riƙa biyansu! Ka riƙa zuwa da kuɗin haya, tun da hotal suka buɗe maka!"

Da haka aka rayu, ana faɗa ana dariya, har maganar ido ta shigo. Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya, a hankali ya dushe ba tare da ya gaya wa kowa ba. Sai da na daman ya soma hazo, ya zuba gishiri a shayi, sannan Yaya ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitar ta duba ta daɗe tana dubawa. Ta ce na hagun ya riga ya wuce, na daman kuwa in an yi aiki cikin 'yan watannin nan za a iya ceto shi, in an yi jinkiri zai bi ɗan'uwansa. Ta faɗi kuɗin aikin. Muka yi karo-karo a dangi, kowa ya karkaɗe aljihu, abin da aka tara bai kai ko rabi ba.

Ana cikin haka sai ga kira daga gidan Injiniya. Gidan nan shi ne babban wurin Rangwame, ya fi shekara biyar yana jiransa. Injiniya da Hajiyarsa za su yi doguwar tafiya wajen 'yarsu da ta haihu, wata da watanni. Suna da karnuka biyu: Tsohuwa, wadda ƙafafunta na baya suka soma gajiya kuma kullum sai ta sha magani, da wani matashi mai suna Rigima, wanda sunansa ya wadatar.

Yaya ta ga ƙofa ta buɗe. Ta kira ni.

"Auta, je ka tambayo mini nawa kamfanin masu gadi ke karɓa a wata. Ka biya wajen likitan dabbobi ka ji nawa suke ajiye kare biyu."

Na je na tambayo. Da muka haɗa biyun, ni kaina sai da na yi salati. Aikin mutum biyu ashe yake yi, ana ba shi abin da bai kai ladan ɗan aike ba. Yaya ta raba adadin gida biyu ta ɗauki rabi, don kada a ce an tsawwala. Rabin nan, in aka karɓi wani abu a gaba aka haɗa da na dangi, ya isa aikin ido har da kuɗin magani.

Sai aka shiga horo. Ta zaunar da shi a kan tabarma, ta zama Injiniya, har da kumbura murya.

"Baba, nawa za a ba ka?"

Ya faɗa.

"Sai me kuma?"

"Sai dai fa..."

"Babu sai dai fa! Daga ka faɗa ka rufe bakinka. Ka ciji harshenka in ya cancanta. Sake!"

Suka yi ta yi har maƙwabciya ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Duk da haka Yaya ba ta yarda da shi ba, ta ce in raka shi, in kuma na ji ya soma kallon silin in taka masa ƙafa.

Tun a hanya ya soma lallaɓa ni.

"Ƙanina, tsakani da Allah, wata da watanni ina kwana a ɗaki mai sanyi, ba sauro, ba hayaniyar yayarka..."

"Wannan na ƙarshen zan kai mata shi yadda ka faɗa."

"A'a, bar shi. Amma wutar da zan sha fa?"

"Yaya Rangwame, wutar nan ko kana nan ko ba ka nan sai an kunna ta. Kai ne ma mai kunnawa. Taho mu tsallaka, ga mota."

Na kama hannun rigarsa muka haye. A lokacin ne na lura yadda yake laluben bakin kwalta da ƙafa kafin ya taka.

Tun kafin mu ƙwanƙwasa karnukan suka ji shi. Rigima ya yi ta dukan ƙofa da ƙirji, Tsohuwa ta taho tana jan ƙafa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Ni dai na lafe a jikin bango ina yi wa kowa fatan alheri daga nesa. Aka shigar da mu falo. Injiniya mutum ne mai fara'a, mai sauri, waya a hannu kullum. Hajiya ta kawo ruwa ta zauna a gefe. Bayan gaisuwa Injiniya ya ce, "To Baba, wannan karon tafiyar da tsawo. Nawa za mu yi?"

Rangwame ya gyara zama, ya faɗi adadin cif, bai rage ko kaɗan ba. Wallahi sai da na ji kamar in tashi in rungume shi.

Injiniya ko ɗaga kai daga wayar bai yi ba. "Ai ya yi. Rabi yanzu, rabi in mun dawo. Ko Hajiya?"

"Ya yi mana," in ji ta. "Mun daɗe muna cewa abin da Baba ke karɓa ya yi kaɗan."

Da a ce Injiniya ya taya, ya ce kai Baba, rage mana, da ina jin mun tsira. Rangwame zai ga an ja an saki, a daidaita a tsakiya, ya tafi da zuciya fes. Amma a faɗi kuɗi a karɓa haka nan babu ja? A wajen mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban sikeli, wannan alama ce cewa mai saye bai san abin da ke cikin buhun ba. Na ga kansa ya soma ɗagawa sama. Na kai ƙafa, teburin gilashi ya tare ni.

"Yallaɓai, akwai abin da ba a cire ba."

"Me ke nan, Baba?"

"Wannan kuɗin na mai ido biyu ne. Ni kuwa na hagun nan ya daɗe ba ya aiki, na daman ma rabi-rabi yake. Bai kamata ku biya cikakke ba. A cire ko da kashi ɗaya cikin uku, sai ya zama na ci halal."

Injiniya ya ajiye wayar. Ya dubi Hajiya, ta dube shi.

"Subhanallahi. Baba, tun yaushe?" in ji Hajiya. Muryarta cike da tausayi, kuma tausayin gaske ne. "To maganin Tsohuwa fa? Iri biyu ne, kuma likita ya ce kada a kuskura a musanya."

"Ai da hannu nake ganewa, Hajiya. Na safe yana da tsaga a tsakiya, na yamma sumul yake."

Ya faɗa da alfahari, yana jiran a yaba. Hajiya ta sunkuyar da kai. Injiniya ya tambayi matattakalar da ake hawa a duba tanki, Rangwame ya ce ai ƙafarsa ta haddace ta. Duk amsar da ya bayar gaskiya ce, kuma duk wadda ya bayar sai na ga aikin yana ƙara nisa. Na sa baki na ce ai kuɗin na aikin idon ne, da an yi shi ke nan, garau zai koma. Injiniya ya gyaɗa kai, ya tambaya wa zai jira gidan kwanakin da Baba zai yi yana jinya da bandeji a fuska.

Suka rako mu har bakin ƙofa, suka ba mu kuɗin mota mai kauri, suka ce za su kira.

Sun kira, ba su yi ƙarya ba. Injiniya da kansa ya yi magana, cikin ladabi. Ya ce ba za su yafe wa kansu ba in Baba ya faɗo daga matattakala shi kaɗai a gida babu mai ji. Sun ɗauki mai gadi daga kamfani, karnuka kuma za su zauna wajen likitan dabbobi. Ya ce in Allah ya dawo da su lafiya zai duba maganar idon. Na yarda har cikin ransa ya faɗi haka. Sai dai ranar dawowarsu ta wuce wa'adin da likitar ido ta bayar nesa ba kusa ba.

Hajiya kuma, don alheri, ta gaya wa maƙwabtanta halin da Baba ke ciki, ko wani zai taimaka. An taimaka. Wata ta aiko da shadda, wani ya aiko da tabarau na karatu. Makulli ne dai babu wanda ya sake miƙo masa.

Na zaci Yaya za ta tada gidan. Sai kawai ta zauna a bakin gado ta ce, "Auta, ka taka shi kuwa?"

"Tebur ne ya tare ni, Yaya."

"Ko ka taka, da sai ya ba ka haƙuri ya ci gaba."

Rangwame daga kan tabarma ya ce, a hankali, "Da na yi shiru, da zaluntarsu na yi."

"Na sani, Malam. Ai kai ba ka zaluntar kowa sai na gida."

Mun koma asibiti da abin da ke hannu. Likitar ta rubuta maganin ɗigawa, ta ce zai rage saurin abin, ba zai tsayar da shi ba. Ana nan ana ɗigawa, kuɗin dangi na narkewa a kantin magani kwalba bayan kwalba. Yanzu in na shiga sai na yi magana yake sanin ni ne, ya ce yana ganina kamar mutum a cikin hayaƙi, kuma hakan ya fi yi mini kyau.

Ranar da ake komawa asibiti Yaya ce ke kai shi, tana riƙe da hannun rigarsa tana mita. Akwai gajeriyar hanya, amma shi sai ya nace a bi ta bayan katangar likitan dabbobi. Makon jiya na haɗu da su a wurin, yana tsaye ya karkata kai, karnuka sun fi goma suna haushi a ciki.

"Ji can, Rigima ne. Ba a fita da shi, kin ji yadda muryarsa ta shaƙe." Ya ƙara kasa kunne. "Ban ji Tsohuwa ba."

"Barci take," in ji Yaya. "Taho, layi zai yi tsawo."

Ta ja shi, ya bi ta, yana laluben ƙasa da ƙafa.