Kawu Tanko da Kunnen Barewa

Duk wanda ya zauna da Kawu Tanko a Dogarawa ya san yadda yake kanne ido ɗaya, ya ƙura maka ɗayan kafin ya amsa gaisuwa. Ba raini ba ne, auna ka yake yi. Maharbi ne, komai da kibiya yake auna nisansa. Kasuwar Sabon Gari, a cewarsa, harbin raggo ce. Asibiti kuwa, kibiya ba ta kaiwa can.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ni na sha baƙar wahalarsa. Dokarsa ɗaya ce, wadda ya gada wurin ubansa: in ka hango barewa, kada ka saki kibiya sai ka ga kunnenta yana kaɗawa. Ka ga kunne, za ta kai. Ba ka gani ba, ƙara matsawa.

To, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Kullum sai ya ƙara matsawa kafin ya ga kunnen, shi kuwa yana ta cika baki wai ya ƙware a sanɗa. Wata rana manoma suka tsince shi a dajin bayan Shika, ya yi rub da ciki tun hantsi yana jiran kunne ya motsa. Ashe suri ne. Ya kakkaɓe wando ya ce, "Ai na sani. Hutawa nake yi."

Kowa ya yi dariya ban da ni, don na san makanta ce ke tafe. Na yi magiya ya je a yi masa aikin ido, na yi kuka, na turo masa aminansa, ya ce ba mai sa wuƙa a idon maharbi. Sai da na ɗauke kwari da bakan na kulle a ɗakina a Samaru sannan ya yarda, yana tafe yana zagina har gadon asibiti.

Ido ya buɗe tar. Yana warkewa ya nufi daji, ya hango barewa can nesa, kunne na kaɗawa ɓaro-ɓaro, ya saki. Kibiya ta faɗi a rabin hanya. Barewa ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ladi, kin ɓata mini ma'auni," ya ce. "Idona na da mai gaskiya ne. Wannan na likita maƙaryaci ne."

Na ce ya riƙa matsawa mana! Ya ce shi ba zai gyara wa ubansa doka ba. Ya rataye baka, bai sake ɗauka ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini na gode ba. Abin yana cina har yau.

Amma ranar da na kai masa jaririyata, ya karɓe ta ya daɗe yana dubanta. Can ya ce a hankali, "Kumatun uwarki ne, Ladi. Da ban gani ba."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kai, ya haskaka masa kabarinsa.