Kayan Malam Sun Rasa Mai Karɓa A Riyad

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda wannan labari zai isa gare shi. Ni tsohuwa ce, ban yi karatun boko ba, ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ina faɗa ne matar ɗana tana rubutawa, kuma na roƙe ta idan kuka ya ci ƙarfina ta jira ni in gama.

A lokacin da abin nan ya faru ni matar gida ce a unguwar Jaradiya, cikin birnin Riyad. A can gashina ya yi fari, amma ban san garin ba. Na san kantin da ke ƙasan benenmu, na san asibitin da ake auna mini hawan jini, shi ke nan. Komai mijina ne, Malam. Shi ke magana da mai gida, shi ke sabunta mana iƙama, wato takardar zama, tawa ma a ƙarƙashin sunansa take. Aikinsa gyaran kwamfuta a wani kamfani wajen Murabba. Idan za su zubar da tsofaffi sai ya roƙa a ba shi, ya kawo gida, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zauna da tabarau a kan hanci yana buɗe cikinsu. Nakan yi masa tsiya cewa ya mayar mini da ɗaki bola, shi kuwa ya ce in yi haƙuri, akwai yaran da ba su taɓa ɗora yatsa a kan irin wannan ba. Bai kai ga ba kowa ba. Ɗan gajeren ciwo ya yi, Allah Ya karɓi abinSa. A Riyad aka yi masa salla, a Riyad aka binne shi.

Ina cikin takaba wakilin kamfanin ya aiko cewa sun yi mini alfarma in gama kwanakina a gidan, amma da zarar na fita takaba zan tafi gida Najeriya, kuma mai gida yana son ɗakunansa babu ko tsinke. Ban yi gardama ba. Abu ɗaya na sa a raina, in fita ƙasar nan lafiya, sunana babu tabo, domin ƙofa ta zauna mini a buɗe. Ƙasar da ta rufe Malam ce, ina so in iya dawowa, ko da Umara ce, in taka ta. 'Ya'yanmu biyu suna Kano, na kira su a kan kayan, tunda gadonsu ne. Suka ce sun yafe, in bayar sadaka ladar ta je wa mahaifinsu. Kwamfutocin ne, da kujerun falo, da teburin aikinsa, da kabad ɗin kaya, da gado. Na ɗauka babu abin da ya fi kyauta sauƙi a duniya.

Maƙwabciyata ta bene na biyu, 'yar Sakkwato, matar wani ma'aikacin asibiti, ita ta riƙa buga mini waya ga ƙungiyoyin agaji, domin tana jin Larabci. Na farko suka ce tufafi kaɗai suke karɓa. Na biyu suka ce a turo hoto, aka tura, suka ga inda kujera ta lotsa a gefen da Malam yake zama, suka ce a yi haƙuri, ba sa kai wa mabukata abin da ya ji jiki haka. Wasu suka yarda da kabad da gado, da suka ji bene na uku ne kuma babu na'urar hawa, suka ce sai dai mu sauko da su bakin titi. Wasu suka sa mana ranar da na riga na bar ƙasar. Kwamfutocin kuwa su suka fi komai wahala. A ce sun tsufa, a ce sai da shaidar inda suka fito, a ce sai an tabbatar an goge abin da ke cikinsu. Ni ina na san abin da ke cikinsu? Ba na zargin mutanen nan, da ladabi suke magana, har addu'a suke yi wa mamacin. Amma duk wayar da aka ajiye sai in ji kamar Malam aka maido mini daga bakin ƙofa.

Sai na yi abin da na tashi na ga iyayena suna yi. A garinmu idan za a yi wa mamaci sadaka ba a ɓoyewa, ana faɗa wa mutane. Matan da ke zuwa gaishe ni na ce musu ga kayan Malam nan, duk wadda ta san mai bukata ta turo shi, abin da ya rage kuma, in Allah Ya hore, a aika wa marayu a gida. Wata dattijuwa 'yar Zazzau, mai yawan raha, ta ce ai Hajiya ba za mu bar ki ki cinye ladar nan ke kaɗai ba, so kike ku shige Aljanna ke da Malam ku ja mana ƙofa? Aka yi dariya, har ni na yi, karo na farko tun rasuwar. Washegari direban mijinta ya hawo da tebur da kwamfuta ɗaya, wai gudummawarta ce.

Kun san gudummawa a wajenmu ba a mayar da ita. Mace ta tako har ɗakinki, kina cikin takaba, ta ce ga nata a haɗa, da wane baki za ki ce ta kwashe? Na yi godiya, na sa albarka. Magana ta bazu a wayoyin mata. Wannan ta aiko da katifa, wannan da kujerar ofis mai karyayyar ƙafa, wannan da kwamfutocin 'ya'yanta da suka daina tashi. Daga baya na gane da yawansu irin wahalata suka sha, sun rasa inda za su kai tsofaffin kayansu, sai ga gidan mamaci ya buɗe. Wasu kuma da zuciya ɗaya suka yi, har sukan tura 'yan kuɗi ƙarƙashin dardumata su ce a ƙara a kuɗin jirgi. Masu zuwa ɗauka kuwa ba su taka kara sun karya ba, domin yawancin mutanenmu mazaje ne masu kwana da yawa a ɗaki ɗaya, ina za su sa kabad? Falo ya cika, ɗakin Malam ya cika, kaya suka fito baranda, suka fara gangarawa matakalar bene.

Wata rana da hantsi mai gadin gidan ya ƙwanƙwasa. Dattijo ne ɗan Sudan, yana jin Hausa kaɗan, kuma suna mutunci da Malam. Daga bayan ƙofa na saurare shi. Ya ce Hajiya, wani mai haya ya kai ƙara cewa an toshe matakala, in gobara ta tashi babu hanyar fita. Ya ce amma wannan ƙarami ne. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ana tara kaya da kuɗi a ɗakina don a aika waje. Na ce sadaka ce. Sai ya ce a ƙasar nan ba a tara taimako daga hannun jama'a sai da izinin hukuma, ko da niyyar mutum ta fi madara fari, kuma baƙon da aka samu da haka ana iya tsare shi, a ɗauki hoton yatsunsa, a fitar da shi, ya yi sallama da ƙasar. Ban san iyakar gaskiyar dokar ba har yau, abin da ya faɗa mini ke nan. Amma a nan bayan ƙofa na zauna.

Na sa maƙwabciyata ta kira matan su zo kowa ta ɗauki nata. Da suka ji dalili, wayoyi suka mutu. Wadda ta ɗauka ta ce ita ba ta san kujerar da ake magana ba. Dattijuwar nan mai raha ta aiko cewa wallahi tana jin kunyata, amma takardun mijinta suna hannun hukuma ana sabuntawa, ba za ta iya kusantar gidan ba. Ban riƙe su a zuciya ba, kowa tsoron korar yake ji. Kuɗin da aka tura mini na ƙulle a gefen mayafi na ba maƙwabciyata, na roƙe ta don Allah ta bi masu shi ta mayar. Ta karɓa. Da yamma ta turo saƙo cewa mijinta ya hana ta hawowa bene na uku. Na rage ni kaɗai, ga takaba, ga kayan mutane har rufi. Abinci ya daina wuce mini. Ko mai kawo tukunyar gas ya taka matakala sai gabana ya faɗi. Ina salla ina jin motsin titi. Ban faɗa wa 'ya'yana ba, me za su iya daga Kano in ban da kuka?

Ranar da nake tsoro ta zo bayan azahar. Na ji takun mutum biyu suna ratsa kaya, na ji ƙarar waya tana ɗaukar hoto. Mai gadi ya ce Hajiya, jami'in hukumar gari ne. Mutumin ya yi magana da Larabci, bai ɗaga murya ba, amma cikin duk abin da ya faɗa kalma biyu na kama, mamnu'u da shurɗa, wato an hana, da 'yan sanda. Ya sa na buɗe ƙofa kaɗan, na ja mayafi na koma gefe. Ya ga kwamfutoci jibge a falo, ya tambaya ta bakin mai gadi na wane ne, me ke cikinsu. Na ce wasu na mijina ne, wasu na mutane. Ya ce waɗanne mutane? In na ambaci suna na jefa matan mutane cikin masifa, in na yi shiru na ɗauki nauyin abin da ban san cikinsa ba. Sai kawai na fashe da kuka. Na ji mai gadi yana ta yi masa bayani, daga baya ya ce mini abin da yake maimaita masa shi ne mijinta ya rasu, ba ta karatu, tafiya za ta yi. Daga ƙarshe jami'in ya ce zai dawo gobe war haka, in ya tarar da ko ƙafar kujera a matakala, maganar za ta wuce hannunsa.

Kafin la'asar mai gadi ya samo masu sayen tarkacen ƙarfe da motarsu. Ba sadaka suka zo karɓa ba, nauyi suke so. Kabad ɗin da muka saya shekarar da na zo ƙasar bai bi ta matakala ba, suka sa guduma suka farfasa shi a gabana. Na ce a ware mini na Malam, waɗanda ya gyara suna aiki, ko mutum ɗaya ya amfana. Mai gadi ya ce to Hajiya, nuna su. Na tsaya a kansu ina dubawa. Duk baƙaƙe ne, duk ƙura ɗaya, an cakuɗa nasa da na mutane. Shekara da shekaru ina share ƙarƙashinsu, amma ban iya cewa wannan ce hannunsa ya taɓa ba. Suka kwashe duka. Ta taga na ga ɗayansu yana ɓalle murfin wata da ƙarfe yana zaro wayoyin cikinta, yana jefa ragowar a bayan mota.

Jami'in ya dawo, ya ga matakala fes, ya yi wa Malam addu'ar rahama, ya tafi. Ban san ko ya rubuta wani abu a kaina ba, kuma ban sami wanda zan tambaya ba. Sauran kwanakin takabata a kan darduma na yi su, cikin ɗakin da babu komai. Ranar tafiya, a filin jirgi, da aka ce in ɗora yatsa a kan gilashin na'urar ɗaukar hoton yatsa, sai da ma'aikaciyar ta riƙe mini hannu ta ɗora shi. Ta duba, ta miƙo mini fasfo, na wuce.

Abin da na koya, 'yan'uwana, musamman mata masu zama a ƙasar mutane, shi ne kyauta ma tana da ƙa'idarta, kuma kowace ƙasa da tata. Kafin ki buɗe baki ki ce za a yi sadaka, ki nemi wanda ya san doka ki tambaya. Kada ki karɓi kayan kowa ko kuɗin kowa da sunan za ki isar, ko da kunya za ta kashe ki. Ki ce a'a, a ji haushinki na yini ɗaya. Ku kuma masu kawo gudummawa, ku ji tsoron Allah, abin da kuka rasa inda za ku zubar kada ku kai shi gidan mai makoki ku kira shi sadaka. Maza masu ajiye abu don wata rana za a bayar, ku bayar da hannunku tun kuna da rai, kuna da bakin yin bayani. Malam ya yi shekaru yana gyara, ko yaro ɗaya bai samu ba, kuma a hannuna abin ya lalace. Wannan shi ke sa ni kuka har gobe.

Yanzu ina Kano wajen ɗana. Ya ce in Allah Ya yarda zai nema mini Umara, kuma yana ta ce mini babu komai a kan sunana, tunda sun bar ni na fita. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma ni ba zan sani ba sai ranar da na sake ɗora yatsan nan a kan gilashinsu. Ku sa ni a addu'a ƙofar ta buɗe, ku sa Malam a addu'a Allah Ya ba shi ladar niyyarsa.