Muryar Mahaifinmu a Akwatin Samaru

Muna idar da sallar asuba ranar Talata muka kama hanyar Zariya, ni da maƙwabcina, malamin sakandare, yana rungume da kwamfutar da ya aro a makarantarsu kamar mai ɗauke da jariri. Kafin mu fita na leƙa ɗakin Yaya. Wata huɗu ke nan yana kwance, ido ya tafi, amma kunne garau. Ya riƙe hannuna ya ce, "Waƙar da Baba ya yi bayan rasuwar Inna. Ita kaɗai nake so in sake ji da muryarsa." Na ce in Allah ya yarda, kafin rana ta faɗi gobe yana sauraronta.

Mahaifinmu marubucin waƙoƙin wa'azi ne da ajami. Shekaru da yawa da suka wuce, wani Bahaushe Kirista daga Zariya, mai son tsofaffin waƙoƙi, ya riƙa zuwa garinmu da rikoda yana ɗaukar muryarsa. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. 'Yar mutumin, wadda ke koyar da kwamfuta a Samaru, ita ce ta aiko mana cewa ta juye kaset arba'in da mahaifinta ya ɗauka zuwa kwamfuta kafin su lalace, mu zo mu kwafa.

A Funtuwa muka karya kumallo da shayi da burodi, muka canza mota. Direba ya ƙara kuɗi, wai mai ya yi tsada, ya kuma ƙara mutum guda a gaba, wai don kada kujera ta yi kewa. Damina ta yi albarka, masara ta fi mutum tsawo tun daga Giwa, mata na gasa ta a bakin titi suna miƙo mana ta taga. Da muka iso Shika na ga jama'a a ƙofar asibiti da kuloli da tabarmi, sai na kau da kai na ci gaba da jan carbi.

Samaru gari ne na ɗalibai, ko gaisuwa sai an raba ta biyu, rabi Hausa rabi Turanci. Malama, 'yar mai rikodar nan, ta tare mu a ƙofar gida da fara'a. Tun kafin mu tambaya ta ajiye buta da tabarma a inuwar mangwaro ta nuna mana gabas, sannan aka kawo tuwon masara da miyar kuka.

Bayan azahar ta kai mu falo ta nuna mana inda muryar Baba take. Wani ɗan akwati ne baƙi, bai wuce girman burodi ba, yana zaune a kan kanta da 'yar fitila koriya tana ƙyaftawa. Shuɗiyar waya ta fito daga bayansa ta shiga wata na'ura mai ƙaho biyu, ita ke raba abin da ke cikin akwatin ga duk kwamfutar da ke gidan. Ta ce rumbun gida ke nan, kowa daga ɗakinsa yake ɗiba. Wayoyin da take da su duk an kafe su a bango, don haka tamu kwamfutar ta iska za ta ɗiba.

Sai ta tambaye ni, "Baba, wacce ake so da gaggawa? In nemo ta yanzu, ku kai wa mara lafiya yau. Sauran a bi su a hankali."

Muka duba jerin da mahaifinta ya rubuta, waƙar tana kaset na talatin da ɗaya. Na ce, "'Yata, ba a ɗaukar littafi daga tsakiya. A fara daga na ɗaya."

Maƙwabcina ya ce, "Malam, wannan fa ba tawada da alƙalami ba ne."

Ban saurare shi ba. A gaban mai muryar nan na koyi kwafi, shi ya koya mana cewa ana farawa daga Bismilla, a bi warƙa bayan warƙa har a kai tammat, kuma wanda ya tsinci abin da ransa ke so ya bar saura ya ci amanar mai littafi. Na ji nauyin in tsallake waƙoƙinsa na tauhidi da na yabon Manzo in fara da wadda ya yi wa matarsa. Malama ta dube ni, ta danna kwamfutar daga kaset na ɗaya.

Kwamfuta ta ce saura awa goma sha tara. Jim kaɗan ta ce tara. Can kuma ta ce kwana biyu. Na ce wannan da ɗan kamasho uwarsu ɗaya, kullum saura mutum ɗaya mota ta tashi. Muka yi dariya, muna kallon wasu 'yan takardu na tashi ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfutar. Da la'asar, muna kan kaset na biyar, aka ɗauke wuta. Fitilar akwatin ta mutu, aikin ya yanke. Malama ta ce iska ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya irin wannan, ga bango a tsakani, sai an samo waya an haɗa kai tsaye, a kuma sayo man janareto. Ta sake cewa a hankali, "Ko dai in ciro ta ɗin in wuta ta dawo?" Na ce tun da an fara, a bi layi. A gidan wani ɗan'uwa muka kwana.

Da safiyar Laraba muka hau bas zuwa Sabon Gari. Nan kuwa kowane harshe da rumfarsa, ga Turancin kasuwa na tashi ta ko'ina, ga 'yan acaɓa kamar ƙudan zuma. Layin masu kayan lantarki sai da muka kewaya shi sau biyu. Wani ɗan kasuwa ya auna mana waya da hannunsa kamar mai sayar da yadi, ya jera siraran zarurrukan cikinta kala-kala, ya matse mata kai da wani abu mai kama da awartaki. Ya rantse cewa ko jikana zai gaje ta. Layin gidan mai ya ci mana sauran hantsin.

Da aka soka wayar nan, abin sai ka ce an buɗe madatsar ruwa. Awa biyu da 'yan mintoci, in ji kwamfuta, kuma wannan karon ta riƙe alƙawari. Janareto na ruri a tsakar gida, ni ina ƙirga kaset da carbi. Muna kan na ashirin da shida wayar maƙwabcina ta yi ƙara, ya miƙo mini. Babban ɗan Yaya ne.

"Baffa, ku kamo hanya, ana nemanku a gida."

"Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Ku dai taho."

Ni ma na sha yi wa matafiyi irin wannan waya, na san abin da ake nufi da sauƙin. Na yi salati na sunkuyar da kai. Malama ta tsayar da aikin, ta nemo na talatin da ɗaya, ta danna. Ban kai ƙarshen zagaye ɗaya na carbi ba ta ce ya gama. Ta raka mu har bakin titi, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Sauran suna nan, Baba, ba inda za su."

Ban ga komai a hanyar dawowa ba, don haka ba ni da abin da zan ba ku labari. Mun sauka da la'asar sakaliya, muka ci karo da jama'a suna dawowa daga maƙabarta, wasu da ƙasa a ƙafa. Bayan an yi addu'a, matar Yaya ta gaya mini daga bayan labule cewa tun jiya, duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya ce a duba ko mu ne.

Abin da Baba ya koya mana game da kwafi gaskiya ne, ni ne ban san wurin da ake ajiye shi ba. Mai ƙishirwa moɗa ɗaya ya roƙe ni, na tsaya sai na ɗauko masa rijiya. Kwamfutar tana ɗakina yau kwana tara, maƙwabcina bai ce in dawo da ita ba, ni kuma har yanzu ban iya cewa a kunna mini waƙar ba. Wanda ya karanta wannan ya sa Yaya a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mai muryar, ni kuma ya yafe mini.